Dashen haƙori: maganar ƙashi ce kafin ta zama maganar kuɗi

A wurin yawancinmu, ranar da aka cire haƙorin da ya hana mutum barci ita ce ranar da magana ta ƙare. Ciwo ya tafi, kumburi ya sace, an koma cin abinci, kuma idan giɓin yana can ciki inda ba a ganinsa sai an wangale baki, ba a sake tunawa da shi. Idan kuwa a gaba yake, kamar yadda yakan faru ga matasan da suka yi haɗari a kan babur, sai a nemi haƙorin roba a toshe saboda idon jama'a. A 'yan shekarun nan an fara jin labarin wata hanya dabam a manyan biranenmu, wato dashen haƙori, inda ake kafa ɗan ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi sannan a ɗora sabon haƙori a kansa. Na lura cewa duk inda aka tayar da zancen, abin da ake fara tambaya shi ne nawa ake yi. Tambayar tana kan hanya, domin aikin yana da tsada ƙwarai, amma a ganina akwai wadda ta riga ta, ita ce halin da ƙashin wurin yake ciki. Ƙashin ne zai karɓi ƙarfen ko ya ƙi shi, shi ne zai riƙe shi shekaru masu yawa ko ya sake shi tun ba a je ko'ina ba, kuma babu yawan kuɗin da zai canza wannan idan an yi sakaci da shi.

Ƙashin da ke riƙe da haƙora don haƙoran aka halicce shi. Tsakanin saiwar kowane haƙori da ramin da take zaune a ciki akwai wasu siraran zaruruwa masu ɗaure ta da ƙashi, kuma duk lokacin da mutum ya yi tauna, zaruruwan nan suna jan ƙashin, wannan jan kuwa shi ne ke sa jiki ya ci gaba da sabunta shi. Da zarar saiwar ta fita, jiki sai ya ɗauka ba a bukatar ƙashin wurin, ya fara janye shi a hankali ba tare da wani ciwo ba. Binciken likitoci ya nuna cewa faɗin ƙashin zai iya raguwa da kusan rabi cikin shekarar farko bayan cire haƙori, kuma mafi yawan raguwar tana aukuwa ne a watanni 3 na farko. Bayan haka haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin sukan karkato cikinsa, wanda ke fuskantarsa daga sama ko daga ƙasa yakan zazzago tunda ba shi da abokin haɗuwa, abinci ya riƙa maƙalewa a wuraren da da ba ya maƙalewa, mutum kuma ya koma tauna da ɓangare guda ba tare da ya lura ba. Fuskar tsohon da ya rasa haƙoransa duka, wadda kumatu suka lotsa, leɓɓa suka shige ciki, haɓa ta matso kusa da hanci, mukan ce tsufa ne kawai, alhali babban rabo na wannan canjin zaizayewar ƙashin muƙamuƙi ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama a duniya ba su da haƙori ko ɗaya a bakinsu.

Ba na raina haƙorin roba, domin ya rufa wa mutane da yawa asiri, kuma shi ne abin da talaka zai iya saya. Sai dai a kan dasashi yake zama, nauyin tauna ba ya shiga cikin ƙashi yadda saiwa take shigar da shi, saboda haka zaizayewar tana ci gaba a ƙarƙashinsa, shi ya sa wanda ya zauna daidai bana yakan fara rawa bayan 'yan shekaru. Akwai kuma gada, inda ake sassaƙe haƙoran da ke gefe biyu na giɓin, a yi musu hula, a rataya haƙorin tsakiya a jikinsu. Gada tana zama daram, ana gama ta cikin makonni kaɗan, kuma idan haƙoran gefen dama sun riga sun lalace suna bukatar hula, to zaɓi ne mai kyau ƙwarai. Idan kuwa lafiyayyu ne, sassaƙe su hasara ce da ba a mayarwa. Abin da ya bambanta dashe da waɗannan biyun shi ne ba ya jingina da maƙwabta, ba ya kuma zama a kan dasashi. Cikin ƙashi yake shiga ya tsaya a gurbin saiwa.

Tunanin cusa wani abu a ƙashi a madadin saiwa tsoho ne. A shekarar 1931 an tono wani muƙamuƙin ƙasa a Honduras, na mutanen Maya, wanda aka ƙiyasta ya kai wajen shekara ta 600 Miladiyya, an tarar an sassaƙa ƙwanson wata halittar teku an cusa a gurbin haƙoran gaba guda 3, hoton da aka ɗauka daga baya kuma ya nuna ƙashi ya tsiro a kewayensu. Amma dashen da ake yi a yau ya samo asali ne daga aikin wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, wanda ma ba likitan haƙori ba ne. A shekarar 1952 yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashin zomaye, sai ya sa musu wasu ƙananan na'urorin leƙe da aka ƙera da ƙarfen taitaniyam. Da ya zo cire su bayan an gama gwajin, sai ya tarar ƙashin ya manne da ƙarfen har ba su rabuwa. Ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan al'amari kafin ya gwada a jikin ɗan Adam a 1965, a birnin Gothenburg, a bakin wani mutum mai suna Gösta Larsson wanda ba shi da haƙora a muƙamuƙinsa na ƙasa. Larsson ya rasu a 2006, bayan sama da shekara 40, ƙarafan suna nan suna aiki a bakinsa. Likitocin haƙori sun daɗe suna shakkar aikin, sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982, inda aka gabatar da sakamakon marasa lafiyan da aka bi shekara da shekaru, sannan hanyar ta bazu a duniya. Dalilin da ya sa taitaniyam ya dace shi ne da zarar ya haɗu da iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda ke hana shi tsatsa, jiki kuma ba ya yaƙar ta, har ƙwayoyin da ke gina ƙashi sukan zauna a kanta su yi aikinsu kai tsaye.

Haƙorin dashe kashi uku ne. Akwai ƙusar da ke shiga cikin ƙashi, mai murɗi a jikinta, wadda kaurinta yakan kama daga milimita 3 zuwa 6, tsawonta kuma sau da yawa tsakanin milimita 8 da 13. Akwai ɗan wuyan da ake ɗaurawa a kanta ya ratso dasashi ya fito. Sai kuma haƙorin da ido ke gani, wanda akan yi da tangaran ko wani abu mai kama da shi, a daidaita launinsa da na sauran haƙora. Mutane sukan fi damuwa da na ukun, tunda shi ake gani, amma shi ne mafi sauƙin gyara ko sauyawa. Wanda ba a gani shi ne ke ɗauke da komai, kuma misalinsa kamar turke ne da aka kafa a ƙasa: komai ingancin iccen, idan ƙasar da ke riƙe da shi ba ta da zurfi, ko ruwa ya zaizaye ta, turken zai girgiza.

Shi ya sa likitan da ya san aikinsa ba ya fara da wuƙa, da hoto yake farawa. Hoton haƙori na yau da kullum yana nuna tsayin ƙashi amma ba ya nuna kaurinsa, don haka akan bukaci hoton sikanin da ke nuna muƙamuƙi ta kowace fuska. Akwai wurare biyu da ake tsoro. A muƙamuƙin ƙasa wata babbar jijiya tana bi ta cikin ƙashin a ƙarƙashin saiwoyin haƙoran tauna, ita ce ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, kuma idan ƙusa ta taɓa ta, mutum zai iya zama da leɓe a mace na watanni, wani lokaci har abada. A muƙamuƙin sama kuwa akwai kogon iska a kowane gefen hanci, a saman haƙoran tauna, wanda yakan ƙara faɗaɗa ya sauko bayan an cire haƙoran, har ƙashin da ya rage tsakaninsa da baki ya koma siriri ƙwarai. Duk wanda ya ce zai kafa ƙusa a waɗannan wurare ba tare da ya auna tazarar a hoto ba, ina ba da shawarar a tashi a bar masa kujerarsa.

Aikin kansa, idan haƙori ɗaya ne, bai kai yadda ake tsoronsa ba. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, irin wadda ake yi wajen cire haƙori, mutum yana farke, kuma sau da yawa ba ya wuce awa guda. Akan buɗe dasashi, a huda ƙashi da siririn bakin na'ura, a riƙa sauya shi da mafi kauri har ramin ya kai girman ƙusar, sannan a murɗa ta ciki a ɗinke. Wani abu da ya burge ni da na karanta shi shi ne dalilin da ya sa ake kwarara ruwan gishiri mai sanyi a wurin duk tsawon hudar. Bincike ya nuna cewa idan zafin ƙashi ya kai digiri 47 a ma'aunin Selshiyas na tsawon minti guda, ƙwayoyinsa suna fara mutuwa, kuma ƙashin da ya ƙone ba ya mannewa da ƙarfe, wani nama mai laushi ne ke tsirowa a tsakaninsu, ƙusar ta zauna tana motsi. Ke nan gaggawar hannun likita ta 'yan daƙiƙoƙi tana iya ɓata aikin da aka tara wa kuɗi shekara guda. Bayan an ɗinke sai jira, wanda a ƙa'idar asali wata 3 ne ga muƙamuƙin ƙasa, wata 6 ga na sama, domin ƙashin sama ya fi laushi. Ƙusoshin zamani da aka gyara fuskarsu ta yi kaushi sun rage wannan lokaci, har akwai yanayin da ake cire haƙori a kafa ƙusa a sa haƙorin wucin gadi duk a rana ɗaya. Wannan gaskiya ne, amma sai ga wanda ƙashinsa ya cika, babu ƙwayar cuta a ramin, kuma ko shi za a gargaɗe shi kada ya yi tauna da haƙorin har sai ƙashi ya kama. Tallar da ke cewa a shigo da giɓi da safe a fita da haƙori da yamma tana faɗin rabin magana ne.

Idan hoto ya nuna ƙashin bai isa ba, akan yi ciko. Ana iya ɗebo ƙashi daga wani sashe na jikin mutumin, ana iya amfani da garin ƙashin da aka sarrafa aka tsarkake, wanda sau da yawa na shanu ne, akwai kuma wanda aka haɗa a masana'anta ba daga dabba ba. Cikon nan ba ya zama ƙashi da kansa, matattakala ce da ƙashin mutum ke bi ya tsiro, kuma yana ƙara watanni da kuɗi a kan aikin. A nan ne lokaci yake da muhimmanci, domin tun a ranar cire haƙori ana iya zuba cikon a cikin ramin don rage zaizayewar, ko da ba a shirya yin dashe ba sai gaba. Saboda haka wanda yake da niyyar dashe ya faɗa wa likita kafin a cire haƙorin, kada ya bari sai bayan shekara 5 ya zo yana neman ƙashin da ya riga ya tafi.

Akwai wani abu game da cikon da Musulmi zai so ya sani, kuma ba kowane likita ne zai tuna ya faɗa ba, musamman a ƙasashen waje: wasu daga cikin siraran fatun da ake rufe cikon da su daga jikin alade ake samo su. Akwai madadinsu na shanu da na haɗin masana'anta, don haka tambaya ce da za a yi tun kafin ranar aiki, wanda kuma ya ga babu makawa sai ya nemi fatawa a wurin malaminsa. Shi kuwa mayar da gaɓar da ta ɓata, malamai sun daɗe suna kafa hujja a kansa da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab a zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. Ya kamata kuma a bambanta dashe da haƙorin Makka da alhazai mata kan dawo da shi, domin shi hula ce ake sa wa haƙorin da yake nan da saiwarsa, ba a taɓa ƙashi.

Tunda komai ya dogara ne ga warkewar ƙashi, duk abin da ke hana jiki warkewa yana shafar dashe. Na farko a wurinmu shi ne ciwon suga, wanda ya yawaita, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Mai suga da ya riƙe maganinsa, sugansa ya daidaita, ana yi masa dashe ya zauna lafiya, amma wanda sugansa ke hawa da sauka rauninsa ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma sun fi samun sa. Na raka wani kawuna wurin likita a kan wannan magana, da aka ga sakamakon gwajin jininsa sai likitan ya ce a dakata. Kawu ya ce, “Likita, ai kuɗin a hannu suke, ba bashi na zo nema ba.” Likitan ya amsa masa cikin ladabi, “Baba, kuɗinku ba za su gudu ba. Ku ba ni wata uku ku daidaita sugan nan, domin idan na sa muku yau ya ƙi kamawa, ƙashin da za mu rasa wajen fitar da shi ba zai dawo ba.” Kawu bai ji daɗi ba a ranar, amma ni tun daga lokacin na ɗauki wannan a matsayin alamar likitan kirki, wato wanda zai iya mayar da kuɗin da aka miƙo masa. Shan taba shi ma yana rage jinin da ke isa dasashi da ƙashi, kuma an tabbatar cewa dashe ya fi lalacewa a bakin mashaya taba. Haka wanda aka yi wa gashi da na'ura a kai ko wuya saboda ciwon daji, da mai shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi da akan ba tsofaffi ko masu ciwon daji, domin waɗannan suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu bayan an taɓa shi. Mai sikila, da mai hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini, kowannensu ya bayyana wa likita halinsa ba tare da ɓoye komai ba. Yara da matasan da ba su gama girma ba kuwa ba a yi musu, saboda ƙusar ba ta tafiya tare da muƙamuƙi idan yana girma. Haƙoran gefe za su ci gaba da fitowa, ita ta tsaya inda take, haƙorin ya koma gajere a tsakaninsu. Yawanci akan jira sai an kai shekara 18 ko ma fiye, a riƙe giɓin da haƙorin roba kafin nan.

Wanda ya fi ba ni tsoro a cikin duka shi ne ciwon dasashi, domin shi ne ke zubar da haƙoran manya da yawa ba tare da kogo ko ɗaya ba, kuma mun saba da alamominsa har ba ma ɗaukar su ciwo: jini wajen goge baki, warin baki, dasashi yana ja da baya, haƙori yana girgiza. Mutumin da wannan ciwo ya cinye masa haƙori, idan aka yi masa dashe ba a magance ciwon ba, ƙwayoyin cutar da suka ci ƙashin haƙorin farko suna nan a bakinsa, kuma za su koma kan sabon. Gaskiya ne ƙarfe da tangaran ba sa ruɓewa, kuma alƙaluman bincike sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na dashe suna nan daram bayan shekara 10. Amma dattin da ke taruwa a wuyan ƙusar yana kumbura dasashi, idan an bar shi ya gangara ya fara cin ƙashin da ke kewaye, kuma sau da yawa ba ya ciwo har sai ɓarnar ta yi nisa. Maganin wannan ya fi na haƙorin asali wuya, domin murɗin ƙusar da kaushinta, waɗanda suka taimaka wa ƙashi ya kama, su ne kuma ke ba datti maɓoya. Don haka mai dashe ya fi kowa bukatar tsaftar baki: burushi da man goge baki safe da dare, da ɗan ƙaramin burushin da ke shiga tsakanin haƙora ko zaren sakace. Asuwaki yana da amfaninsa kuma ba a ce a bar shi ba, sai dai ba ya shiga ƙarƙashin haƙorin dashe inda dattin ke zama. Sannan a riƙa komawa wurin likita aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, a ajiye hoton da aka ɗauka ranar da aka sa haƙorin, domin da shi ake gwada na gaba a ga ko ƙashi ya ja baya.

Zaruruwan nan masu ɗaure saiwa da ƙashi, da na ambata a baya, suna da wani aiki na biyu, su ne ke sanar da mutum ƙarfin cizonsa, shi ya sa idan haƙori ya ci karo da tsakuwa a cikin shinkafa baki ke buɗewa kafin a yi tunani. Haƙorin dashe ba shi da su, manne yake da ƙashi kai tsaye, don haka jinsa bai kai na asali ba, kuma ba ya ɗan lotsawa ya rage nauyi. Mai shi zai iya cin nama da kilishi da goro, amma fasa ƙashi, da ɓare rake da haƙorin gaba, da tauna ƙanƙara, da buɗe kwalba, duk suna iya fasa tangaran ko kwance ɗan notin da ke riƙe da shi. Wanda ke cizon haƙora cikin barci akan yi masa robar da zai sa da dare.

Tsadar aikin a Najeriya da Nijar tana da dalili, tunda ƙusoshin da kayan aikin duk daga waje ake sayo su da kuɗin waje, farashinsu kuma yana bin canji. Wannan ya sa wasu masu hali kan haɗa da tafiyar Masar ko Indiya ko Turkiyya ko Dubai. Akwai ƙwararru a waɗannan ƙasashe, babu shakka, amma dashe aiki ne na watanni, kulawarsa kuma ta tsawon rai ce, don haka kafin a hau jirgi a san wanda zai duba shi idan an dawo gida. Kamfanonin da ke ƙera ƙusoshin suna da yawa, irin su Nobel Biocare da Straumann da Osstem, kowanne da fasalin wuyansa da notinsa da abin kwance shi, kuma sau da yawa na wannan ba ya shiga na wancan. Mutum zai iya dawowa da ƙusa lafiyayya a ƙashinsa, noti ya kwance bayan shekara 2, a rasa abin ɗaure shi a duk garin saboda ba a san ƙirar wane kamfani ba ce. Saboda haka a karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfanin, da kauri da tsawon ƙusar, da lambarta, da gurbin da aka sa ta, a adana ta tare da muhimman takardun gida. A tambayi kuma ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da hoto da ciko da haƙorin saman, domin wani farashin da ake tallatawa na ƙusar ne kaɗai, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. A gida Najeriya, likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da hukumar MDCN mai kula da likitoci, kuma ba rashin kunya ba ne a tambaye shi horon da ya samu a kan dashe da yawan waɗanda ya yi wa. Mai ƙera haƙorin roba yana da sana'arsa mai daraja, amma huda ƙashi ba aikinsa ba ne. Wanda yake son jin ra'ayi na biyu zai iya zuwa sashen haƙori na asibitin koyarwa mafi kusa da shi, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello, ko na Maiduguri.

Duk da abin da na faɗa na amfanin dashe, ba na ganin kowane giɓi sai an cike shi da ƙarfe. Babban mutum yana da haƙora 32, amma likitoci sun daɗe da gano cewa mai haƙora 20 lafiyayyu da suke haɗuwa da juna, na gaba da na kusa da su, yana iya cin abincinsa ba tare da wahala ba, har ƙasar Japan ta kafa gangami tun 1989 na ganin mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 na kansa. Wanda ya rasa haƙorin tauna na can ƙarshe, kuma ba ya jin wata matsala, kuɗinsa sun fi amfani idan ya kashe su wajen ceto waɗanda suka rage. Haka kuma haƙorin da za a iya wanke saiwarsa a cike a sa masa hula bai kamata a cire shi don a yi dashe ba, domin komai kyan ƙarfe bai kai saiwar da Allah ya halitta ba, kuma duk wanda ya ba da shawarar a zubar da haƙoran da za su gyaru don a jera sababbi farare, a nemi ra'ayin wani likitan kafin a amince masa.

Inda nake ganin dashe ya fi cancantar kuɗinsa shi ne a bakin iyayenmu da suka rasa haƙoran ƙasa gaba ɗaya. Haƙorin roba na sama yakan kama, saboda yana da faɗin ganda da zai manne da ita, amma na ƙasa ba shi da abin riƙo, harshe yana ture shi, ƙashin da yake zaune a kai yana ƙara zaizayewa, har tsoho ya gaji ya cire shi ya ajiye, ya koma kunu da fura, ya daina cin nama, ya daina cin abinci a cikin mutane. Ba sai an jera masa ƙusoshi 10 ba. Ƙusa 2 kacal a gaban muƙamuƙin ƙasa, inda ƙashi ya fi daɗewa bai ƙare ba kuma babbar jijiyar ba ta bi ta nan, sun isa a ɗaura musu maɓallan da haƙorin robar zai riƙa kamawa, ya zauna daram lokacin cin abinci da magana, a kuma cire shi a wanke da dare. A shekarar 2002 ƙwararru sun taru a Jami'ar McGill da ke Kanada suka yi matsaya cewa wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙoran ƙasa. Shekaru kaɗai ba sa hana yin sa idan lafiyar jiki ta ba da dama. 'Ya'yan da suka haɗa kuɗi suka yi wa mahaifi ko mahaifiya wannan aiki su sani cewa 'yan robobin da ke cikin maɓallan suna saki da amfani, akan sauya su bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma idan hannun tsohon ya fara rawa ko idonsa ya raunana, wani daga cikin gida ne zai ɗauki nauyin goge masa kewayen ƙusoshin kowane dare.